Waɗanda Suka Gudu Ana Tsakar Samun Sauƙi

A shekarar 1985, a birnin San Diego na jihar Kalifoniya, wani lissafi ya hana Dakta Vincent Felitti sakat. Shi ne shugaban sashen rigakafin cututtuka na asibitin Kaiser Permanente a birnin, kuma a ƙarƙashinsa akwai wani shiri na rage ƙiba. Ba masu 'yar teɓa ke zuwa ba. Mutane ne da jiki ya rinjaye su, masu kilo 130, masu 150, wasu har sun haura haka, waɗanda ɗaure igiyar takalmi ma aiki ne a wurinsu. Hanyar da ake bi da su mai tsanani ce: a ajiye duk wani abincin taunawa, a koma kan wani haɗi na ruwa-ruwa mai ɗauke da sinadaran da jiki ba ya rayuwa sai da su, likita na sa ido, a yi ta yi har watanni su shuɗe. Shirin kuwa yana ci, don mutum kan zubar da kilo 40 ko 50 cikin shekara guda.

Sai dai kowace shekara fiye da rabin waɗanda suka shiga kan ɓace kafin a kai ƙarshe, kuma shekara biyar ke nan ana haka. Da farko ba wanda ya ga abin tambaya a ciki. Zama da yunwa wata da watanni ba kanwar lasa ba ne, don haka aka ɗauka waɗanda abin ya gagara ne ke janye jiki, kunyar hawa ma'auni ta kore su. Da Felitti ya sa aka kwaso masa fayil-fayil ɗin waɗanda suka gudu, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, sai ya tarar da akasin haka. Masu gudun su ne waɗanda nauyinsu ke sauka yadda ake so. Mutum ya sha wuyar watanni, ya rame, numfashinsa ya daidaita, gwiwoyinsa sun daina ciwo, sai a neme shi a rasa. Idan aka sake ganinsa, ya mayar da duk abin da ya zubar, wani lokaci har da ƙari.

Fayil-fayil ɗin sun ƙara nuna masa wani abu. Abin da aka saba ɗauka shi ne mai ƙiba da ita aka haife shi, ko kuma a hankali take taruwa, kilo biyu bana, uku baɗi. Waɗannan mutane an haife su da nauyi daidai da na kowane jariri. Ƙibar tasu kuma farat ɗaya take zuwa. Mutum zai yi shekaru yana nan yadda yake, sai a wata shekara guda ya kumbura, daga nan ya tsaya cak a sabon nauyin. Ke nan akwai abin da ya faru a wannan shekarar, abin da babu shi a fayil.

Ya fara kiran waɗanda suka gudu yana tattaunawa da su, da jerin tambayoyi irin na likita: nauyinki nawa da aka haife ki, nawa da kika shiga firamare, nawa da kika shiga sakandare, nawa da kika yi aure. Makonni suka wuce bai gano bakin zaren ba. Ran nan yana yi wa wata mata tambayoyin, sai ya yi tuntuɓen harshe. Yana so ya tambaye ta shekarunta nawa lokacin da ta fara sanin ɗa namiji, sai ya ce nauyinta nawa. Ta ce fam 40, wato kimanin kilo 18. Bai fahimci amsar ba, ya maimaita tambayar yadda ta fito masa, ta sake ba shi amsa iri ɗaya. Daga nan ta fashe da kuka, ta ce shekararta huɗu a lokacin, kuma mahaifinta ne.

Felitti ya faɗa daga baya cewa a sama da shekara 20 da ya yi yana aikin likita, sau ɗaya tak ya taɓa cin karo da irin wannan labari, don haka ya ɗauka zai daɗe bai sake jin irinsa ba. Ba a jima ba ya ji. Akwai wata mai taimaka wa nas-nas, 'yar shekara 28, wadda shirin ke alfahari da ita: cikin mako 51 ta sauko daga kilo 185 zuwa kilo 60. Kwatsam sai ta dawo ta ƙara kusan kilo 17 cikin mako uku, abin da likitan bai taɓa zaton jikin ɗan Adam zai iya ba. Ta ce masa cikin barci take ci. Ita kaɗai take zaune, ta kwanta ta bar kicin tsaf, da safe ta tashi ta tarar da tukwane a ɓace, gwangwanaye a buɗe, ba ta tuna komai. Ya tambaye ta yaushe abin ya fara. Ta ce ranar da wani namiji a wurin aikinta ya yaba sabuwar surarta, ya neme ta. Da ya bi labarin baya, sai ga shi kakanta ya yi shekaru yana lalata da ita tun tana ƙarama.

Likitan ya fara zargin kansa. Wataƙila yadda yake tambaya ne ke sa wa mutane magana a baki. Sai ya roƙi wasu abokan aikinsa su karɓi marasa lafiya na gaba su yi musu tambayoyin da kansu. Abin da suka samo bai bambanta da nasa ba. Da aka haɗa mutum 286, fiye da rabinsu an ci zarafinsu ta hanyar lalata suna yara. Wata da aka yi wa fyaɗe tana da shekara 23, ta ƙara kilo 48 a shekarar da ta biyo baya, ita ce ta ba shi fassarar abin a taƙaice: mai ƙiba ba a kallonta, ita kuma abin da take bukata ke nan. Akwai maza ma, waɗanda suka sha duka suna 'yan firit, suka gano cewa ƙato ba a taɓa shi.

Ƙulli na farko ya kwance ke nan. Abin da asibiti ke kira ciwo, a wurin mai shi magani ne. Cin abinci yana kwantar da fargaba na ɗan lokaci, kitsen kuma sulke ne. Shirin Felitti yana tuɓe wa mutane sulkensu ba tare da ya tambayi abin da suke tsoro ba, su kuma da sun ji iska ta fara taɓa su sai su ruga. Ita wannan mai taimaka wa nas-nas ta sake bayyana bayan shekara 12. An yi mata tiyatar rage ciki, ta sake ramewa, sai tunanin kashe kanta ya taso mata, har sau biyar ana kwantar da ita a asibitin masu taɓin hankali.

A 1990 Felitti ya kai sakamakonsa taron masana ƙiba na Arewacin Amurka a birnin Atlanta. Bai sha da daɗi ba. Wani daga cikin masanan ya miƙe ya ce masa ya cika saurin yarda, ai kowa ya san irin waɗannan labarai ƙirƙirarsu ake yi don a samu abin jingina gazawar rayuwa. Maganar ba ta da daɗin ji, amma akwai ƙashin gaskiya a gefenta: mutum 286, dukkansu masu ƙiba, daga asibiti ɗaya, ba su isa hujja a kan sauran jama'a ba. Wanda ya faɗa masa haka cikin mutunci shi ne David Williamson, masanin yaɗuwar cututtuka a hukumar CDC ta Amurka, wadda hedikwatarta ke nan Atlanta. Ya ce masa idan yana so a saurare shi, sai ya kawo dubban mutane, kuma gama-gari. Shi ya haɗa shi da Dakta Robert Anda, wanda dama ya daɗe yana bin alaƙar baƙin ciki da yanke ƙauna da ciwon zuciya.

Kaiser na da abin da ake bukata, don dubun-dubatar mutane ke zuwa sashen Felitti a duba lafiyarsu kowace shekara. Tsakanin 1995 da 1997 aka aika wa waɗanda suka zo takardar tambayoyi har gida, mutum 17,337 suka shiga binciken da aka sa wa suna ACE. Tambayoyin sun shafi abin da ya sami mutum kafin ya cika shekara 18, kuma a ƙarshe an tsayar da su kashi goma: duka mai cutarwa, zagi da wulaƙanci, lalata, rashin kulawa ta ci da sutura, rashin kulawa ta ƙauna, ganin ana dukan uwa, zama da mashayi, zama da mai taɓin hankali, rabuwar iyaye, da ɗaure wani ɗan gida a kurkuku. Kowane kashi maki ɗaya ne, komai yawan faruwarsa. Daga nan aka ɗora makin kowa a kan tarihin lafiyarsa.

Ya kamata a san su wane ne waɗannan mutane, don a nan abin ya fi girgiza masu binciken. Akasarinsu Turawa ne farar fata, masu rufin asiri, kusan kashi uku cikin huɗu sun taka jami'a ko kwaleji, duk suna da inshorar lafiya, matsakaicin shekarunsu 57. Duk da haka kusan biyu cikin uku suna da aƙalla maki ɗaya. Kashi 28 cikin ɗari sun sha duka mai cutarwa. Mace ɗaya cikin huɗu, da namiji ɗaya cikin shida, an yi lalata da su suna yara. Mutum ɗaya cikin takwas yana da maki huɗu ko fiye. Masifun kuma ba su cika zuwa su kaɗai ba. Gidan da akwai mashayi, da wuya a rasa duka ko zagi a cikinsa.

Rahoton farko ya fito a 1998. Idan aka gwada mai maki huɗu ko fiye da wanda ba shi da ko ɗaya, haɗarin zama mashayin giya ya ninka kusan sau bakwai, na yunƙurin kashe kai sau 12. Wannan ba zai ba kowa mamaki sosai ba. Abin da ya sa likitoci gyara zama shi ne sauran jerin: ciwon zuciya ninki biyu, kansa kusan ninki biyu, shanyewar ɓarin jiki fiye da ninki biyu, cututtukan huhu masu daɗewa kusan ninki huɗu. Kuma abin hawa-hawa yake, kowane ƙarin maki da ƙarin haɗarinsa. Wani nazari na 2009 a kan mutanen ya nuna cewa, cikin waɗanda suka rasu, masu maki shida ko fiye sun riga marasa maki mutuwa da kusan shekara 20. Wani abin ban dariya mai ɗaci shi ne, ƙibar da ta jawo binciken gaba ɗaya tana cikin abubuwan da alaƙarsu ta fi rauni, ninki ɗaya da rabi kawai ko ɗan sama da haka.

Sai sabuwar tambaya ta taso. Ta yaya marin da aka yi wa yaro yana da shekara shida zai toshe masa jijiyar zuciya yana da sittin?

Rabin amsar tana nan a darasin masu ƙiba. Sigari na kwantar da hankali cikin daƙiƙoƙi, cutarsa kuwa sai bayan shekara talatin. Wanda ya tashi da fargaba a ƙirji ba zai tsaya lissafin shekara talatin ba. Haka giya, haka ƙwaya, haka ci ba ƙaƙƙautawa. Duk lokacin da na karanta wannan ɓangare, sai maganar kodin da tiramadol a garuruwanmu ta faɗo mini. An hana shigo da maganin tari mai kodin da haɗa shi a Najeriya a 2018, kuma an yi daidai, amma a ganina mun fi yawan tambayar inda matasa da matan aure ke samun kwalbar fiye da tambayar abin da kwalbar ke kashe musu.

Amma halayen ba su cinye lissafin duka ba. Da Anda da abokan aikinsa suka sake duba ciwon zuciya a 2004, suka cire tasirin shan sigari da ƙiba da rashin motsa jiki da hawan jini da ciwon sukari, haɗarin ya ragu amma bai tafi ba. Akwai saura. Mutum bai taɓa kunna sigari ba, bai san ɗanɗanon giya ba, amma jikinsa na biyan bashin ƙuruciya.

Masu shakka suna da wata hujja mai ƙarfi a nan. Duk binciken ya dogara ne kan abin da dattijo ya tuna. Wanda ciwo ya kwantar, ko baƙin ciki ya rufe, ya fi saurin tuna ƙuruciyarsa da duhu. Amsar wannan daga wata nahiya ta zo. A garin Dunedin na ƙasar New Zealand, masu bincike sun ɗauki yara 1,037 da aka haifa tsakanin 1972 da 1973, suna bin su tun suna ƙanana. Suna da shekara uku aka zauna aka kalli yadda uwa ke mu'amala da kowannensu, aka rubuta. Aka rubuta irin horon da iyaye suka ce suna yi, da sau nawa yaro ya sauya hannun mai riƙo. Da suka kai shekara 32 aka ɗebi jininsu. A 2007 Andrea Danese da abokansa suka bayyana cewa waɗanda aka wulaƙanta suna yara sun fi samun hauhawar wani sinadari a jini mai nuna kumburin cikin jiki, irin kumburin da ba a gani ba a ji, wanda ke cin jijiyoyin jini a hankali. Ko da aka cire tasirin sigari da talauci da damuwar girma, alamar tana nan.

Yadda abin ke aiki kuwa, masana sun riga sun san sassansa. Idan mutum ya firgita, ƙwaƙwalwa kan aika saƙo zuwa wasu 'yan ƙullutai biyu da ke zaune a saman ƙoda, su kuma su zuba adirenalin da kotisol cikin jini. Zuciya ta ƙara bugu, jini ya hau, sukari ya yawaita don tsoka ta samu ƙarfin gudu ko faɗa, narkar da abinci ya dakata. Idan haɗari ya wuce, shi kansa kotisol ɗin ke komawa ƙwaƙwalwa ya ce a kashe. Tsari ne da aka yi don ɗan lokaci, kamar janaretan da aka saya don ɗaukewar wuta ta awa biyu. Yaron da abin tsoronsa ke kwana gida ɗaya da shi, wanda ke gane irin daren da za a yi daga ƙarar buɗe ƙofa, janaretansa dare da rana yake ruri, shekara da shekaru. Bruce McEwen na jami'ar Rockefeller ya yi shekaru yana nuna yadda wannan ruri ke gajiyar da zuciya da garkuwar jiki da ita kanta ƙwaƙwalwar.

Saura a san dalilin da ya sa ba ya mutuwa bayan yaro ya girma ya bar gidan. Wannan kuma ɓeraye ne suka nuna hanya. A jami'ar McGill da ke Montreal a Kanada, Michael Meaney ya lura cewa iyayen ɓeraye mata sun bambanta: wata tana yawan lasar 'ya'yanta tana gyara musu jiki a makon farko, wata kuwa sama-sama take yi. 'Ya'yan mai yawan lasa kan tashi da natsuwa, idan an firgita su kotisol ɗinsu ya hau ya sauka da wuri. 'Ya'yan ɗayar kan tashi a tsorace. Kowa zai ce gado ne, don haka aka yi musanye: aka ɗauki jariran wannan aka ba waccan tun ranar haihuwa. Sai 'ya'yan suka ɗauko halin wadda ta rene su, suka bar na wadda ta haife su. Matan cikinsu ma da suka haihu, irin renon da aka yi musu suka yi wa nasu 'ya'yan. A 2004 Meaney da Moshe Szyf da ɗalibansu suka nuna inda abin ke zama. Lasar uwa tana sauya wasu 'yan alamomi da ke manne a kan ƙwayar gado mai kula da kashe kotisol. Ƙwayar gadon tana nan yadda take, alamar ce ke sa a karanta ta da yawa ko kaɗan. Ɗan da aka lasa sosai makunnin kashewarsa na da ƙarfi, wanda aka yi wa sakaci nasa na da rauni. Har suka gwada wani magani a ƙwaƙwalwar manyan ɓeraye, alamar ta goge, halin ya sauya.

Ɓera ba mutum ba ne, kuma hujjar irin wannan sauyi a jikin ɗan Adam ba ta kai ta ɓera ƙarfi ba. Ina faɗin haka ne saboda littattafan da suka yaɗa wannan ilimi, irin na Bessel van der Kolk na 2014 da na likitar yara Nadine Burke Harris na 2018, suna da daɗin karatu har mai karatu kan rufe su yana jin an gama komai. Wasu kan lissafa makinsu, su ga biyar ko shida, su ɗauka an yanke musu hukunci. Wasu iyaye mata kan shiga zargin kai a kan kowace tsawa da suka taɓa yi wa yaro. Robert Anda da kansa ya fito a 2020 ya ja kunne cewa makin ACE an yi shi ne don auna al'umma, bai dace a riƙa yanke wa mutum ɗaya hukunci da shi ba. Duka mai cutarwa sau ɗaya da azabar shekara goma duk maki ɗaya ne a takardar. Wani nazari na 2021 da Jessie Baldwin ta jagoranta ya tabbatar da haka: makin yana raba rukuni da rukuni, amma idan aka ce ya nuna wane ne zai kamu da ciwo, kaɗan ya fi canki-canki. Da yawan masu maki mai yawa lafiyarsu ƙalau.

Me ya tsare su? Emmy Werner ta bi yara 698 da aka haifa a tsibirin Kauai na Hawai a 1955 har suka kai shekara 40. Kusan kashi ɗaya cikin uku sun tashi cikin talauci da rikicin gida da iyaye masu shaye-shaye ko taɓin hankali. Daga cikin waɗannan, ɗaya cikin uku ya girma ya zama mutum mai natsuwa da sana'a da iyali. Da ta duba abin da ya haɗa su, abin da ya fi fitowa fili shi ne kowannensu ya samu aƙalla babba ɗaya da ya riƙe shi da gaske, kuma sau da yawa ba uwa ba ce ba uba ba: kaka ce, ko goggo, ko yaya, ko malamin makaranta. Wannan labari ne mai daɗi ga al'ummar da yaro ke da ɗakin kaka da zai ruga idan gida ya yi zafi, matuƙar dai kakar za ta saurare shi, ba ta ce masa ya yi shiru kada ya tona asirin gida ba.

Nan ne maganar ta zo ƙofarmu. Mun iya cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma akwai hikima a ciki, sai dai matan da suka zauna gaban Felitti cikinsu ya riƙe sirri shekara ashirin, talatin, jikinsu ne ya biya. A 2014 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, tare da UNICEF da ita dai wannan CDC, ta yi binciken cin zarafin yara a faɗin Najeriya. Shida cikin goma sun fuskanci wani nau'in cin zarafi kafin shekara 18. Rabi sun sha duka. Yarinya ɗaya cikin huɗu da yaro ɗaya cikin goma an ci zarafinsu ta hanyar lalata. Waɗanda suka samu wani taimako ba su kai biyar cikin ɗari ba. Jerin San Diego ma bai san wasu masifun namu ba, sai da Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗaɗa shi ya haɗa da mutuwar iyaye da yaƙi da tashin hankalin gari, abubuwan da yaron da ya girma a sansanin 'yan gudun hijira a Maiduguri, ko ya kwana a daji a Zamfara yana gudun 'yan bindiga, zai amsa da e.

Waɗanda aka yi wa tambayoyin a 2014 suna tsakanin shekara 13 da 24 ne a lokacin. Manyan cikinsu yanzu sun ba talatin baya, da yawansu suna da 'ya'ya a gabansu, kuma shekarun hawan jini da ciwon zuciya ba su riga sun iso gare su ba.